An Yi Niyya Ne Ko An Aikata? Aikatau Biyu a Jimlar Ingilishi

A ɗauki waɗannan jimloli na Ingilishi, irin waɗanda ake cin karo da su kullum a shafin farko na jarida: “The company promised to pay the workers”, da “The company managed to pay the workers”, da “The company failed to pay the workers”. Gininsu iri ɗaya ne sak. Kowace tana da aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, sai ƙaramar kalmar nan “to”, sai wani aikatau da bai ɗauki alamar lokaci ba. Ɗalibin da ya haddace jerin aikatau masu karɓar “to” zai ce duka ukun daidai ne, kuma yana da gaskiya. Amma ma'aikacin da ke jiran albashinsa yana da wata tambayar da ta fi wannan. A jimla ta biyu kuɗi sun shiga aljihunsa, ko da yake da ƙyar. A ta uku bai ga ko kwabo ba. Ta farko kuwa labarin alkawari kawai ta bayar, ta ja bakinta game da biya. Hujjata ita ce nan ne zuciyar wannan gini take, kuma nan ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a azuzuwa. Shuɗaɗɗen lokacin da ke jikin aikatau na farko abu ɗaya tak yake tabbatarwa, cewa alkawarin ko ƙoƙarin ko niyyar sun wuce. Makomar aiki na biyu, ko ya faru ko bai faru ba, ba a ganinta a jikinsa. Tana kwance cikin ma'anar aikatau na farko, kuma wanda bai san inda zai neme ta ba yana iya karanta jimla daidai ya fahimce ta a baibai.

Ƙa'idar farko ba ta buƙatar dogon bayani. Ingilishi yana sa alamar lokaci sau ɗaya a irin wannan jimla, a kan aikatau na farko, duk wanda ya biyo baya sai ya zo a sigar da masu nahawunsu ke kira “infinitive”, wato aikatau marar lokaci, wanda bai nuna jiya ko gobe ba, bai kuma nuna mai yin aikin ba. Na farkon shi ne madugu, saura 'yan ayari, kuma ayarin yana iya yin tsawo: “She decided to try to learn to drive” aikatau huɗu ne, ɗaya kaɗai ya ɗauki “-ed”. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafin nahawun da madaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga musu a 2002, sun kira irin waɗannan aikatau da sunan da ke nufin masu sarƙa, saboda kowane yana saƙale da na kusa da shi. Ɗalibin da ya rubuta “I wanted to went” wannan ƙa'ida ya karya, haka ma wanda ya rubuta “He did not came”, domin “did” ta riga ta ɗauke lokacin. Abin lura shi ne Bahaushe ba ya yin wannan kuskure a harshensa. Ba wanda ke cewa “sun so sun tafi”. “Sun so su tafi” ake cewa, son ya wuce, tafiyar kuwa tana nan a sigar fata. Rubutun boko ne ke rufe mana ido idan mutum ɗaya ake magana a kansa, saboda a “ya so ya tafi” ana rubuta “ya” biyun iri ɗaya, alhali a baki ta farko doguwa ce mai karin sama, ta biyu gajera mai karin ƙasa. Malamin da ya fara darasin daga jam'i ya rage wa kansa rabin wahala.

Ingilishi da Hausa ba 'yan gida ɗaya ba ne, amma tarihin Ingilishi ya nuna cewa wannan kama tana da tushe a aikin da sigogin biyu ke yi. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi a Ingila har wajen ƙarni na 11 zuwa na 12, aikatau marar lokaci yana iya tsayawa ba tare da “to” ba, ƙarshensa ne ke nuna shi, kamar “singan”, rerawa, ko “cuman”, zuwa. Ita “to” harafi ce mai nuna inda aka dosa, kamar “zuwa” ko “don” a Hausa, kuma idan ta shiga gaban aikatau sai ƙarshensa ya sauya ya koma irin “to singenne”, ma'ana don rerawa. Aikinta na asali ke nan, nuna manufa, kuma har yau yana nan a jimla irin “He went to Kano to buy cloth”, inda “to” ta farko ke nuna gari, ta biyu ke nuna dalilin tafiyar. Bettelou Los, a littafinta na 2005 kan yadda wannan siga ta bunƙasa, ta nuna cewa abin da “to” ta ture daga wurinsa wata ƙaramar jimla ce mai ɗauke da nata mai aiki da aikatau a sigar fata ko umarni. Wato mutanen wancan zamani kan faɗi abin da ya yi daidai da “ya umarce su cewa su tafi”, kusan yadda Hausa ke yi yau. A ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar mutanen Nomandi ta 1066, ƙarshen kalmomi ya yi ta zubewa, sigar fata ta yi rauni, “to” kuma ta yi ta cin gurbinta. Ta gaji gurbin, ta gaji ma'anar: abin da ake so, ko ake nufi, ko ake umarni da shi, wanda yake gaba da lokacin aikatau na farko.

Daga nan babban rukunin ya fito, su “wanted”, “hoped”, “planned”, “intended”, “decided”, “agreed”, “offered”, “promised”, “threatened”. Duka suna duban gaba daga inda suke tsaye a baya, kuma ba ɗayansu da ke ɗaukar alhakin abin da ya biyo. Akwai gwaji mai sauƙi na gane su: a ƙara wa jimlar wutsiyar da ke musun aikin, a ga ko za ta rushe. “He decided to resign, but he never did” jimla ce lafiyayya, mutum ya yanke shawarar yin murabus amma bai yi ba. To a gwada “He managed to escape, but he never did”, sai a ji magana ta ci kanta, domin “managed” ta riga ta shaida cewa ya tsere. Lauri Karttunen, masanin harshe ɗan asalin ƙasar Finlan, shi ya zayyana wannan rukuni na biyu a wata maƙala da mujallar Language ta buga a 1971, ya sa “manage”, “remember”, “bother”, “dare” da “happen” a ciki. Abin da ya lura da shi shi ne aikatau biyun tare suke tashi, tare suke faɗuwa. Idan aka tabbatar da na farko, na biyu ya tabbata; idan aka kore shi, na biyu ya koru. “She did not manage to finish” na nufin ba ta gama ba, babu tantama, alhali “She did not plan to finish” ba ta hana a ce ta gama ɗin ba tare da ta shirya ba. “Forgot” da “failed” da “neglected” kuma a juye suke aiki. A “He forgot to lock the door” ba a kulle ƙofa ba, a “He did not forget to lock the door” ƙofa a kulle take. Nan ne mai karatu da gaggawa ke yawan zamewa, ya ga “not” ya ɗauka aikin bai faru ba.

Wani zai ce, in dai “managed to escape” da “escaped” abu ɗaya suke shaidawa, mene ne amfanin aikatau na farkon? Amfaninsa shi ne yana shigo da hukuncin mai magana a fakaice, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa. “Managed” tana cewa aikin ya yi wuya, shi ya sa idan aka liƙa ta ga abin da ba wanda ke wahalar nemansa sai ta zama gatse: “He managed to lose the key again”, ya dage har ya sake ɓatar da makullin. “Happened to” tana cewa katsam abin ya zo, ba da shiri ba. “She did not bother to reply” ta wuce labarin rashin amsa, ta ƙara da zargin raini, cewa amsar ba ta da wuya amma ba a ga darajar bayarwa ba. Wadda ta fi su haɗari ita ce “failed to”. Idan jarida ta rubuta “The minister did not attend the meeting”, labari ta bayar. Idan ta rubuta “The minister failed to attend the meeting”, ta yanke hukunci cewa ya kamata ya je, an sa ran zuwansa, ya saɓa. Mai yiwuwa ma ba a gayyace shi ba, amma aikatau ɗin ya riga ya shafa masa kashin kaji. Marubutan labarai da yawa suna amfani da “failed to” kamar wata hanya ce ta ƙawata “did not”, kuma a ganina wannan sakaci ne da ya cancanci jan alƙalamin edita fiye da kurakuran rubutu da ake ta farauta. Ita “tried to” nata lamarin daban ne. A ƙa'ida ba ta ce an kasa ba, shi ya sa ake iya cewa “He tried to open it and succeeded”. Amma in aka bar ta ita kaɗai, mai sauraro zai ɗauka an kasa, bisa dalilin da masanin falsafa Paul Grice ya bayyana: mai magana da gaskiya ba ya faɗin ƙaramin abu alhali yana da babba, da an buɗe ɗin da an ce an buɗe. Bambancin shi ne wannan zato ana iya janye shi, na “managed” kuwa ba ya janyuwa.

A nan Hausa da Ingilishi suka raba hanya, kuma wannan rabuwa ce hujja mafi ƙarfi da nake da ita. Hausa sau da yawa tana nuna makomar aiki na biyu a jikinsa. “Sun so su tsere” fata ne, “sun samu sun tsere” aiki ne da ya tabbata. “Ya ce su tafi” umarni ne da ba a san ƙarshensa ba, “ya sa sun tafi” an tafi an gama. Harafi ɗaya, tsakanin “su” da “sun”, ya raba niyya da aiki. Ingilishi ba shi da wannan mafita, domin “to go” ɗin da ke bayan “asked them” ita ce dai ke bayan “forced them”. Saboda haka dole ne a san cewa “asked”, “told”, “ordered”, “advised”, “urged”, “invited” da “allowed” ba su tabbatar da komai ba, alhali “forced”, “compelled”, “persuaded”, “got” da “caused” sun tabbatar. “She persuaded him to sign” ya wuce lallashi, lallashi ne da ya ci, wanda bai ci ba sai a ce “tried to persuade”. Irin wannan tarko yana tattare da “could”. Bahaushe idan ya ce “jiya na iya ɗaga buhun” yana nufin ya ɗaga, sai ya fassara da “Yesterday I could lift the bag”. Ga mai Ingilishi wannan jimla ikon ɗagawa kawai ta nuna; in ana nufin aiki guda da aka yi aka gama, “was able to” ko “managed to” ake so. A korewa kuwa matsalar ba ta tasowa, “I could not lift it” daidai ce, tunda wanda ba shi da iko bai ɗaga ba.

Akwai wani abu kuma da aikatau marar lokaci ke ɓoyewa, wato mai yin aikin. A “Audu told Binta to come early” Binta ce za ta zo. A “Audu promised Binta to come early” Audu ne zai zo. Kalmomin a jere ɗaya suke, aikatau na farko ne ya sauya mai tafiyar. Hausa ba ta barin wannan a duhu, “ya ce mata ta zo”, “ya yi mata alkawarin zai zo”. Carol Chomsky, a bincikenta na 1969 kan yara 'yan shekara biyar zuwa goma masu jin Ingilishi tun daga gida, ta gano cewa da yawansu suna ɗaukar “promise” kamar “tell”, su ba sunan da ya fi kusa aikin, har sai sun ƙara girma. In 'ya'yan masu harshen suna tuntuɓe a nan, ba abin kunya ba ne ga wanda ya tsinci Ingilishi a makaranta.

Sai aikatau da ke jan na biyu tsurarsa, ba “to” a tsakani: “made”, “let”, “saw”, “heard”, “watched”, “felt”. Masu neman ma'ana a cikin gini suna cewa dalilin shi ne babu tazara tsakanin ayyukan biyu. Gani da abin da aka gani lokaci ɗaya suke faruwa, don haka harafin da ke nuna gaba ba shi da aikin yi. “I saw him cross the road” na nufin na ga tsallakawar daga farko har ƙarshe, ya isa ɗaya gefen, alhali “I saw him crossing the road” na nufin na gan shi yana tsakiyar yi, ban ɗauki alhakin isarsa ba. Shaida a gaban alƙali ya kamata ya san wadda yake faɗa. Wannan bayani ya zauna daram a kan gani da ji, amma yana ɗingishi a kan “made”. Me ya sa “forced him to go” ke da “to”, “made him go” ba ta da ita, alhali tilas ɗin ɗaya ce? Me ya sa kuma da an juya jimlar, wanda aka yi wa aikin ya dawo gaba, sai “to” ta sake bayyana, “he was made to go”, “he was seen to cross”? Amsar gaskiya ita ce tarihi ne ya bar su haka. “Make” ta daɗe tana kai-kawo tsakanin sigogin biyu, kuma a fassarar Baibul ta 1611, ta zamanin Sarki Jemis, ana samunta da “to”. “Help” har yau ba ta zaɓi gefe ba, “helped me carry” da “helped me to carry” duka suna tafiya, ta farkon ta fi yawa a Amurka kuma tana ƙara yaɗuwa a Biritaniya. Don haka ɗan Nijeriyar da ke cewa “He made me to wait” ya bi tsarin da harshen kansa ya taɓa bi, ya kuma daidaita “make” da 'yan'uwanta. Abin dariyar shi ne bakin da ya ƙara “to” a nan shi ne ke cire ta daga inda ake buƙatarta, a wasiƙun ofis masu cewa “to enable him travel”. Ba na ganin waɗannan a matsayin alamar jahilci, sun zama ɗabi'ar Ingilishin ƙasar. Amma masu gyaran takardun WAEC da NECO da masu karatu a ƙetare ba za su karɓe su ba, kuma zalunci ne a ɓoye wa ɗalibi wannan.

Inda duban gaba na “to” ya fi fitowa fili shi ne a 'yan aikatau da ke karɓar ta su kuma karɓi siga mai “-ing”, ma'ana ta sauya. “I remembered to post the letter”: tunawa ta zo farko, aikawa ta biyo. “I remembered posting the letter”: aikawa ta riga, tunawa ta waiwaye ta. “He stopped to smoke” ya tsaya don ya sha taba, “He stopped smoking” ya daina sha, ma'ana biyu masu gaba da juna. “She went on talking” ta ci gaba da maganar da take yi, “She went on to talk about prices” ta gama wani batu ta shiga sabo. “He tried to open the window” ya yi fama da taga, “He tried opening the window” ya buɗe ta ɗin don ya ga ko zafi zai ragu. Dwight Bolinger, a 1968, ya taƙaita abin da cewa “to” tana karkata ga abin da bai tabbata ba tukuna, “-ing” ga abin da aka riga aka sa hannu a kansa. Wannan rabon aiki ma ba daɗaɗɗe ba ne. Marubutan ƙarni na 18 kan rubuta irin “I remember to have met him”, sai siga mai “-ing” ta zo ta karɓe waiwayen baya ta bar wa “to” duban gaba.

Masu goyon bayan hadda suna da ƙorafi a nan, kuma ƙorafin yana da nauyi. Suna cewa in “to” ce ta gaba, me ya sa “considered leaving”, “suggested going”, “avoided meeting” da “imagined winning” ke ɗaukar “-ing”, alhali ba ɗayan ayyukan da ya faru? Gaskiya ne ƙa'idar Bolinger karkata ce, tana da ramuka, kuma “suggested me to go” kuskure ne da ba wata hikimar ma'ana da za ta hana ɗalibi yi, sai an gaya masa. Wasu ramukan dai suna cikuwa. A “looked forward to meeting” da “objected to paying” da “confessed to stealing”, “to” ɗin tsohon harafin nan ne mai jan suna, gwajinta kuwa shi ne a sa suna a gurbin, “looked forward to the holiday”, in ya zauna to “-ing” ake so. Abin da ya rage bayan wannan jeri ne gajere da za a iya haddacewa. Saɓanina da masu hadda a kan tsari ne. Wanda ya fara da ma'ana ya rage abin haddacewa, ya kuma san abin da jimlarsa ta ɗora masa. Wanda ya fara da jeri ya ƙare da jeri zai cike gurbi daidai a jarrabawa, ya fita bai san bambancin “agreed to refund” da “was forced to refund” ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan zurfi. Akwai jimloli da “to” ke jan aikin da ya faru tabbas: “She lived to see her grandchildren”, “He came to regret it”, “They rushed to the station only to find the train gone”. Ina rashin tabbas a nan? Babu, kuma wannan yana nuna cewa kuskure ne a koyar da cewa “to” na nufin abin da bai faru ba. Abin da take nufi shi ne abin da ke gaba a jeri, idan aka tsaya a lokacin aikatau na farko aka duba. Jikokin suna gaba da tsawon ran, nadamar tana gaba da aikin, tashar da ba jirgi tana gaba da gudun. Ko an isa wurin ko ba a isa ba, aikatau na farko ne zai faɗa, kamar yadda aka gani. Marubutan tarihi suna da wata siga da ke nuna haka ƙarara. Wanda ke ba da labarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta a Bauci zai iya rubuta “The young teacher was to become Prime Minister”, yana tsaye a shekarun koyarwar yana hango 1957. Amma “was to” ɗin nan a wani wurin shiri kawai take nufi, “The delegates were to meet on Monday”, an tsara haɗuwa, ba a faɗi ko an yi ba.

Rukuni ɗaya ne bai shiga wannan bayani ba, kuma gara a ware shi da a matsa shi da ƙarfi: “seemed”, “appeared”, “claimed”, “was said”, “was believed”, “was alleged”. Waɗannan ba ruwansu da manufa, maganar gaskiya da zato suke yi, kuma aikin da ke bayansu yana tafiya lokaci ɗaya da su, “He seemed to know the way”. In ana son a koma baya da su sai a kawo “have”: “He seemed to be ill” yana da alamar ciwo a lokacin, “He seemed to have been ill” yana da alamar wanda ya tashi daga ciwo. Da wannan siga ce 'yan jarida ke kare kansu, “was alleged to have diverted the funds”, zargi aka ruwaito, ba a shaida sata ba. Idan kuwa “have” ta bi aikatau na niyya, sai ta koma alamar cewa abin ya sha ruwa. “The delegates were to have met on Monday” na nufin ba su haɗu ba. Masu nahawu na ƙarni na 18, irin su Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795, sun soki jimloli irin “I intended to have gone”, bisa hujjar cewa ba a niyyar abin da ya riga ya wuce. Hujjar tana da kyau a lissafi, amma ta tsallake aikin da “have” ke yi a wurin, wato shaida cewa niyyar ba ta cika ba. Sukar dai ta yi tasiri, yau “I had intended to go” aka fi rubutawa, kuma ninki irin “I would have liked to have seen it” editoci kan rage shi zuwa “I would have liked to see it”.

“Used to” ta cancanci 'yar tsayawa, domin ita ma hukunci take yankewa: aikin ya faru sau da yawa, kuma galibi an daina. Ba ta da sigar yanzu, wannan sigar ta mutu tuntuni. Bahaushen da ya saba da “nakan je”, wadda ke aiki jiya da yau, sai ya ƙirƙiro “I use to go” yana nufin har yanzu yana zuwa, mai sauraro kuwa ya ji “used to” ya fahimci ya bari. “I usually go” ce maganin. Batun ko ya halatta a sa wata kalma tsakanin “to” da aikatau, wanda Henry Alford ya yi ƙorafi a kansa a 1864 aka yi ta jan sa fiye da ƙarni guda, bai kai ko kusa da waɗannan muhimmanci ba, kuma manyan littattafan nahawu na yanzu ba sa ɗaukar sa kuskure.

Saura masu cewa duk wannan wahalar banza ce, ɗan Landan bai taɓa jin sunan Karttunen ba amma ba ya kuskure, yawan karatu da sauraro ya isa. Ga yaron da harshen ke zuba a kunnensa dare da rana, haka ne. Ɗalibin Gusau ko Azare kuwa yawancin Ingilishin da yake ji daga aji yake zuwa da bakin waɗanda su ma koya suka yi, kuma kuskuren fahimta ba ya yin ƙara irin na kuskuren gini. Wanda ya ce “wanted to went” za a gyara masa nan take. Wanda ya karanta “agreed to release” ya ɗauka an saki, ba mai ji balle ya gyara. Abin ya fi tsanani ga mai fassara labarai a gidan rediyo, domin Hausa ba ta ba shi damar yin shiru inda Ingilishi ya yi shiru a jikin aikatau na biyu. Dole ya zaɓa tsakanin “su” da “suka”. In takardar da ke gabansa ta ce “The elders urged the two sides to lay down their arms”, abin da zai karanta shi ne dattawa sun yi kira ga ɓangarorin biyu da su ajiye makamai. In ta ce “persuaded”, sai ya ce dattawa sun shawo kansu har suka ajiye. Mutanen ƙauyen da ake rikicin suna sauraro, kuma a kan abin da ya faɗa ne wasu za su yanke shawarar komawa gona washegari.